Jaki da Giwa, Wa Ke Kiwonsu?

Nura: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Nura ne, ina tare da Malam Garba da Anti Zulai. Yau Amurka za mu leƙa. Sama da shekara 150 jam'iyyu biyu ne ke karɓa-karɓar mulkin ƙasar, Dimokurat mai alamar jaki da Rifablikan mai alamar giwa. Duk lokacin zaɓensu mu ma nan sai mu rabu gida biyu, a majalisar mai shayi har da ɗaga murya. Malam, kai tun kafin a kunna na'ura ka ce Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Malam Garba: Na faɗa, kuma zan maimaita. Bari in ba ka sunaye, ka ƙirga da kanka. Ministan kuɗin Bill Clinton, Robert Rubin, daga bankin Goldman Sachs ya fito. Na George Bush ƙarami, Henry Paulson, shugaban Goldman Sachs ne aka ɗauko. Na Trump a zangon farko, Steven Mnuchin, shi ma ɗan gidan ne. To koma ma'aikatar tsaro. Mark Esper da Trump ya naɗa, aikinsa kafin nan shi ne kamun ƙafa a majalisa a madadin Raytheon, kamfanin ƙera makamai. Biden ya zo ya naɗa Lloyd Austin, wanda ke zaune a kwamitin daraktocin Raytheon ɗin nan dai. Jam'iyya ta canza, gidan da ake zuwa aron mutum yana nan inda yake.

Anti Zulai: Ban musa ko ɗaya ba, Malam. Amma ka fara da kujeru, ni kuma da asibiti zan fara. A 2010 aka yi dokar inshorar lafiya da ake kira Obamacare, ba ɗan Rifablikan ko ɗaya da ya jefa mata ƙuri'a ranar da aka zartar da ita. Mutum wajen miliyan 20 suka samu inshora ta dalilinta. A ƙasar da kwana ɗaya a gadon asibiti zai iya cinye albashin wata, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2017 kuma Rifablikan suka sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa kashi 21, ba ɗan Dimokurat ɗaya da ya bi su. Matar da ke goge-goge a otal a Ohio, in ka ce mata duk ɗaya ne, kallon wanda bai taɓa rashin lafiya ba za ta yi maka.

Malam Garba: Madalla, Hajiya. Harajin nan da aka sauke, da Biden ya hau, majalisu biyu suna hannun jam'iyyarsa, an mayar da shi 35?

Anti Zulai: Ba a mayar ba.

Malam Garba: Ko 28 ɗin da ya yi alkawari?

Anti Zulai: Shi ma bai samu ba. Abin da aka iya a 2022 shi ne ƙaramin haraji na kashi 15 a kan manyan kamfanonin da ribarsu ta haura dala biliyan ɗaya, da ba gwamnati damar yin ciniki da kamfanonin magani a kan farashin wasu magungunan tsofaffi. Ko wannan ɗin sai da mataimakiyar shugaban ƙasa Kamala Harris ta raba gardama da ƙuri'arta a Majalisar Dattawa, 51 da 50.

Malam Garba: Kin ga abin da nake nufi ke nan. Ɗaya ya ja igiya taku goma zuwa wajen masu kuɗi, ɗayan ya zo ya dawo da ita taku uku, ya ce a tafa masa.

Nura: Ku dakata mini kaɗan, don akwai masu sauraro da za su ce wai ta ina kuɗin ke shiga ma? Mu nan mun san uban gida, mun san fom ɗin takarar shugaban ƙasa na naira miliyan 100 da APC ta sayar a 2022, PDP kuma miliyan 40. Can ma haka ake yi?

Anti Zulai: Can an yi wa abin riga da hula, komai da takarda. Tun 1907 doka ta hana kamfani ya ɗauki kuɗi daga asusunsa ya damƙa wa ɗan takarar tarayya hannu da hannu, kuma har yau haramun ne. Amma ranar 21 ga Janairun 2010 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Citizens United, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Suka ce kashe kuɗi wajen tallar siyasa magana ce, kuma tsarin mulki ya hana a toshe bakin mai magana, ko da kamfani ne ko ƙungiyar ƙwadago. Sharaɗin kawai, kada ka haɗa baki da ɗan takarar. Daga nan aka haifi manyan asusun nan da suke kira Super PAC. Ba za ka ba ni kuɗin ba, amma za ka iya sayen tallar talabijin ta dala miliyan 50 kana zagin abokin hamayyata.

Nura: Kuma a ce ba ku san juna ba.

Anti Zulai: A takarda ba mu san juna ba. Sau da yawa kuwa wanda ke riƙe da asusun tsohon yaron ɗan takarar ne. To a nan ma akwai bambanci, Malam. Alƙalai biyar ɗin nan duk shugabannin Rifablikan ne suka naɗa su. Kuma Dimokurat sun sha kawo ƙudurin tilasta bayyana sunan masu zuba kuɗi a ɓoye, na Satumban 2022 ya mutu a Majalisar Dattawa ba tare da ɗan Rifablikan ko ɗaya ya goyi bayansa ba.

Malam Garba: Gaskiya ne. Amma Obama da ya tsaya gaban alƙalan a 2010 ya soki hukuncin ido da ido, shekara biyu bayan nan ya sa wa nasa Super PAC albarka. Kafin nan ma, a 2008, shi ne ɗan takarar babbar jam'iyya na farko da ya ƙi karɓar kuɗin gwamnati na babban zaɓe, don in ya karɓa za a ƙayyade masa abin da zai kashe. Ya ga zai tara fiye da haka da kansa. Zaɓen 2024 ya ci wajen dala biliyan 15. Elon Musk shi kaɗai ya zuba sama da miliyan 250 don Trump, ita kuma Harris ta tara sama da biliyan ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu, ai kun san sauran.

Nura: Ni abin da ya fi tsaya mini a rai na 'yan kirifto ne, tunda mu matasa mun san harkar. Suka haɗa asusu mai suna Fairshake, ba ruwansu da jaki ko giwa. A Ohio suka kashe wajen dala miliyan 40 don kayar da Sanata Sherrod Brown, ɗan Dimokurat, shugaban kwamitin bankuna mai takura musu. A Arizona da Michigan kuma 'yan Dimokurat suka mara wa baya, Ruben Gallego da Elissa Slotkin. Duk ukun abin da suke so ya faru. Ka ga saƙon ya isa ga kowane ɗan majalisa ba tare da an buga masa waya ba.

Malam Garba: Yawwa, Nura, ka taɓo wurin. Mutane suna zaton sai an kai jaka cikin dare. Ba a bukatar haka. Tsoro ya isa. Ɗan majalisar wakilai duk shekara biyu yake komawa zaɓe, rabin ransa na wajen neman kuɗin kamfe. Ƙudurin da zai ɓata wa mai ba shi rai ba sai an kayar da shi ba, ba ya ma fitowa daga kwamiti. Kuɗin kamun ƙafa kaɗai a Washintan ya haura dala biliyan 4 a shekara.

Anti Zulai: To mu shiga ɗaki na biyu, don a nan ne ni kaina nake rasa abin kare kowa.

Nura: Leƙen asiri.

Anti Zulai: Shi. Kwana 45 bayan harin 11 ga Satumban 2001 Bush ya sa hannu a dokar Patriot. A Majalisar Dattawa 98 suka amince, mutum ɗaya tak ya ce a'a, Russ Feingold na Wisconsin. A ce wannan ruɗewa ce, jini bai bushe ba. Amma a 2008 fa? Aka kawo gyaran dokar leƙen asirin waje da ake kira FISA, wanda ya halasta tatsar bayanan 'yan ƙasashen waje ba tare da izinin alƙali a kan kowane mutum ba, ya kuma yafe wa kamfanonin waya da suka taya Bush sauraren mutane a ɓoye. Obama yana sanata, ofishinsa ya riga ya yi alkawarin zai tare duk dokar da ta ƙunshi wannan yafiya. Da ya zama ɗan takarar jam'iyya, a watan Yuli ya jefa mata ƙuri'ar amincewa. Na daɗe ina jin zafin wannan, don ina cikin waɗanda suka kwana gaban talabijin daren da ya ci zaɓe.

Malam Garba: Sai kuma Edward Snowden, ɗan kwangilar leƙen asirin da ya fallasa takardun sirrinsu.

Anti Zulai: Yunin 2013. Jaridar Guardian ta buga umarnin kotun sirri da ya tilasta wa kamfanin Verizon miƙa wa hukumar sauraren sadarwa ta NSA lissafin kiran wayar abokan cinikinsa, wa ya kira wa, yaushe, minti nawa, kullum. Washegari aka fallasa shirin PRISM na karɓar bayanan mutane daga kamfanonin intanet, inda sunayen Microsoft da Google da Facebook da Apple da Yahoo suka fito. Wata uku kafin nan Sanata Ron Wyden ya tambayi James Clapper, shugaban hukumomin leƙen asiri, a bainar jama'a, ko NSA na tara bayanan miliyoyin Amurkawa. Ya ce a'a, ba da gangan ba. Ba abin da ya same shi. Snowden kuwa gwamnatin Obama ta tuhume shi da dokar cin amanar sirrin ƙasa ta 1917, yana Rasha har yau.

Malam Garba: Gyaran FISA na 2008 ɗin nan, Bush ya kafa, Obama ya yi rufi, Trump ya sabunta a Janairun 2018, Biden ya sabunta a Afrilun 2024. Hajiya, yau kin dawo layina.

Anti Zulai: Ban dawo duka ba, saboda akwai ƙuri'u biyu da nake so mu duba da kyau. In ka ce duk ɗaya ne, ba za ka ga abin da ke cikinsu ba. Ranar 24 ga Yulin 2013, makonni bayan fallasar, wasu 'yan majalisa biyu daga Michigan suka kawo gyara don a yanke kuɗin tara lissafin wayar nan. Justin Amash, matashi ɗan Rifablikan mai ra'ayin gwamnati ta fita harkar mutane, da John Conyers, dattijo baƙar fata ɗan Dimokurat. Gyaran ya faɗi, 205 da 217. Cikin masu goyon baya, 111 Dimokurat ne, 94 Rifablikan. Su wa suka haɗu suka kayar da shi? John Boehner, kakakin majalisa na Rifablikan, da Nancy Pelosi, jagorar Dimokurat, da fadar Obama.

Nura: Wato shugabannin gida biyu a gefe guda, 'yan bayan layi na gida biyu a ɗaya gefen.

Anti Zulai: Haka. Shekara 11 bayan nan abin ya maimaita kansa. Ranar 12 ga Afrilun 2024 aka kawo gyara cewa kafin hukumar bincike ta FBI ta buɗe rumbun bayanan da aka tara ƙarƙashin dokar FISA ta nemi saƙonnin Ba'amurke, sai ta samo izinin alƙali. Aka yi kunnen doki, 212 da 212, kuma a ƙa'idarsu kunnen doki faɗuwa ne. Masu tsananin ra'ayin Trump da masu tsananin ra'ayin sauyi irin su Pramila Jayapal suka tsaya wuri ɗaya. Kakaki Mike Johnson ya ƙi, fadar Biden kuma tana ta kiran 'yan majalisa kada su yarda. Alhali takardun kotun sirri da aka saki a 2023 sun nuna FBI ta yi bincike ba bisa ƙa'ida ba sama da sau 278,000. An binciki masu zanga-zangar kisan George Floyd, an binciki magoya bayan Trump da suka kutsa ginin majalisa ranar 6 ga Janairun 2021, an binciki mutum 19,000 da suka ba wani ɗan takara gudummawa. Kowane gida ya ɗanɗana, amma manyan gida suka ce a ci gaba.

Malam Garba: Na karɓi wannan gyaran. Ashe tsagar ba tsakanin jaki da giwa take ba a wannan fage. Duk wanda ke kusa da kujera, ko yake sa ran hawa, ba ya son a dakushe wuƙar da zai gada. Kuma abin ba sabo ba ne. Kwamitin Sanata Frank Church a 1975 ya tono yadda FBI ta bi Martin Luther King, kuma Robert Kennedy, ɗan Dimokurat, shi ya sa hannu a saurari wayarsa a 1963.

Nura: Malam, inda nake ganin ɗakunan biyu suka haɗe shi ne cinikin bayanai. A 2018 Kotun Ƙoli ta ce in gwamnati na son tarihin wuraren da wayarka ta je daga hannun kamfanin layi, sai da izinin alƙali. Sai hukumomi suka bi ta kasuwa. Manhajojin da ke wayarka suna tara inda kake, su sayar wa dillalan bayanai, dillali ya sayar wa gwamnati. Ba alƙali, ba sammaci, rasit kawai. Hukumar leƙen asirin sojansu ta amsa a rubuce a Janairun 2021 cewa tana saye. A Nuwamban 2020 kuma kafar Motherboard ta ba da rahoton cewa bayanan wuri daga Muslim Pro, manhajar lokutan salla da aka sauke sama da sau miliyan 98, suna zuwa wajen wani dillali mai suna X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. Muslim Pro ta ce ita ba ta sayar wa soja komai ba, ta kuma yanke hulɗa da dillalin.

Anti Zulai: Ranar da na karanta labarin nan gida na nufa. Hajiyarmu tana da wata manhajar salla da jikanta ya saka mata, ba ma waccan ba ce, wata ce daban. Ita dai ta san in lokaci ya yi wayar za ta kira salla, in ta je baƙon wuri kibiya za ta nuna mata gabas. Na karɓi wayar na shiga wajen izini, sai na ga an ba ta damar sanin inda take a kowane lokaci, dare da rana. Tana zaune a kan darduma da carbi a hannu tana tambayata, "Zulai, lafiya kika yi shiru?" Na rasa ta inda zan fara mata bayani. Tsohuwar da tafiyarta ba ta wuce islamiyya da asibiti da gidan biki.

Malam Garba: Allah Ya ƙara mata lafiya.

Anti Zulai: Amin. Kuma a nan ma, Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudurin hana hukumomi sayen irin wannan bayani a Afrilun 2024, 219 da 199, da ƙuri'un gida biyu. Majalisar Dattawa, wadda ke hannun Dimokurat a lokacin, ba ta ko ɗaga shi ba.

Malam Garba: Kuma ku duba inda manyan ke sauka bayan ritaya. Janar Keith Alexander, wanda ke shugabancin NSA lokacin Snowden, ya shiga kwamitin daraktocin Amazon a 2020. Janar Paul Nakasone ya bar NSA a 2024, cikin 'yan watanni yana kwamitin OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT.

Nura: To Anti, in mutum Ba'amurke ne ya gaji da su duka, me ya hana shi zaɓen jam'iyya ta uku?

Anti Zulai: Tsarin zaɓen ne. Wanda ya zo na ɗaya ya kwashe duka. Ross Perot, ɗan takara mai zaman kansa, ya samu kusan kashi 19 na ƙuri'u a 1992, bai samu ko ɗaya daga wakilan jihohi masu zaɓen shugaban ƙasa ba. A 2000 Ralph Nader, ɗan takarar ƙaramar jam'iyyar Green, ya yi ta cewa duk kanwar ja ce, ya samu ƙuri'a sama da 97,000 a Florida, Bush ya kayar da Al Gore na Dimokurat a jihar da ratar 537. Shekara uku bayan nan aka shiga Iraƙi. Ba zan rantse Al Gore ba zai yi yaƙi ba, amma ya fito ya soki shirin mamayar tun 2002.

Malam Garba: Hillary Clinton da Biden da John Kerry kuwa duk sun ba Bush izinin yaƙin.

Anti Zulai: Sun ba shi. Mafi yawan 'yan Dimokurat na Majalisar Wakilai kuma sun ƙi. Tsagar nan dai ce.

Nura: Mu dawo kanmu, don a nan nake ganin amsar ta kasu. Trump ya saka Najeriya cikin jerin takunkumin bizar zama a farkon 2020, Biden ya soke ranar da ya hau. Chadi da Sudan sun sha shiga irin wannan jeri. A 2025 aka rushe USAID, hukumar agajin Amurka, kuma duk wanda ya san cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Borno da Yobe ya san abin da wannan ke nufi. Wannan bambanci ne da ake gani a hannun yaro.

Malam Garba: Ban ƙi ba. Sai dai ka tuna shirin PEPFAR na maganin cuta mai karya garkuwar jiki Bush ne ya kafa shi a 2003, ɗan Rifablikan. Kuma sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas, lokacin Obama aka fara gininsa, lokacin Trump suka fara tashi a 2019, lokacin Biden suna nan suna shawagi. Ba zaɓen Amurka ne ya rufe shi ba, sojojin Yamai ne suka ce a fita, aka fita a Agustan 2024.

Anti Zulai: Akwai kuma abin da nake so kowa ya ji da kunnensa. Rigimar 212 da 212 ɗin nan, a kan saƙon Ba'amurke aka yi ta, wanda ya faɗa cikin koma bisa kuskure. Ita komar, sashe na 702 na dokar FISA, don wanda ba Ba'amurke ba kuma yake wajen Amurka aka saƙa ta. Mu ke nan. Rahoton hukumominsu ya nuna waɗanda ake bi da wannan sashe sun haura 200,000 a shekara. Ba a bukatar a zarge ka da laifi, ya isa a ce bayaninka zai amfani sanin harkokin waje. Ɗan jarida a Kano mai Gmail, ɗan kasuwa a Maraɗi, malami a zangon Kumasi, doka ba ta hana a bi ɗayansu ba. Kuma gyaran da aka yi kunnen doki a kansa, ko da ya wuce, ba abin da zai rage a namu.

Nura: Wa'adin da aka ba sashen a 2024 shekara biyu ne, zuwa Afrilun 2026. Anti, wayar Hajiya fa, ya kika yi da ita?

Anti Zulai: Na kashe izinin, na rubuta sunan garinmu da hannu, lokutan salla suka ci gaba da fitowa daidai. In za ta yi tafiya sai in canza mata sunan garin. Ranar ta ce mini in duba na maƙwabciyarta ma, na duba, ita manhajar tocila ce ke neman sanin inda take.

Nura: Malam, Anti, mun gode. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.